Yaya Umaru, Ga Amsar da Ka Nema Daga Cikin Jirgi

Zuwa ga yayana, Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, tare da fatan Allah Ya yalwata maka makwancinka, ni ce ƙanwarka Dije nake rubuto maka daga gidanmu na Wurno. Na san ba za ka karanta ba. Masu bibiyata a wannan shafi su ne za su karanta, kuma ban damu ba, don da yawansu ba su san ka ba, ina so su san ka. Amma da kai nake magana.

Damina ta sake kankama. Gulbin Rima ya fara cika, masu shinkafa a fadama sun koma leƙa shi safe da yamma. Ni kuma duk lokacin da ruwa ya fara irin wannan hali, sai tambayarka ta dawo mini. Ka yi mini ita ban ba ka amsa ba, ka sake yi na ce sai ka zo gida. Ba ka zo ba. To yau zan ba ka amsar, yadda abin ya faru, ba ragi.

Mu biyu Inna ta bari a duniya, ni da kai. Tun muna yara kai mai kallon sama ne. In jirgi ya gitta muna gona, sai ka saki fartanya ka tsaya baki buɗe har ya ɓace. Baba ya ce, "Umaru, gero ƙasa yake, ba sama ba." Ka yi dariya ka duƙa. Daga baya ka tafi ka koyi tuƙin jirgin, ka samu aiki a Legas, ni kuma na karanta aikin jinya na dawo gida, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Goronyo.

Abin da mutanen gida ba su taɓa ganewa ba shi ne ɗaya aikin naka. Kai da wasu abokanka matuƙa, wasu suna aiki wasu sun yi ritaya, kuna da wani ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya da kuka haɗu kuka mallaka. In an yi ambaliya ko wata masifa ta yanke hanya, sai ku ɗauki hutu a wurin aiki ku tashi da shi, ku kai magani, ku nemo inda mutane suka maƙale. Ba wanda ya aike ku. Na taɓa ce maka ka riƙa hutawa kamar kowa, ka ce, "Dije, in hanya ta yanke, sama ba ta yankewa. Mi za ni yi da hutu?"

A shekarar da ruwa ya ci fadama tun daga Goronyo har Rabah, an tura ni rigakafin yara a wata tunga bayan Kwargaba. Da safe ɗan acaɓa ya kai ni, muka tsallake wani kwalbati ruwa na lasar tayar babur. Kafin in gama aikin, kwalbatin ya tafi. Ruwan bai zo da hayaniya ba, Yaya. A hankali ya riƙa shigowa ta cikin dawa, ya shiga gidaje, katangun laka suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Mutanen tungar suka kwashi abin da za su iya, muka hau tudun makarantar firamare, don nan ne kawai ya rage a bushe.

Bayan 'yan kwanaki a tudun, kafin cajin wayata ya ƙare, na same ka. Na gaya maka inda nake, na ce rijiyoyi sun nutse, ruwan gulbi muke sha, kuma na fara ganin amai da gudawa. Ka ce, "Ki tsaya nan, kada ki shiga ruwa. Muna tahe." Wayar ta mutu a hannuna.

Ajin farko na mayar ɗakin marasa lafiya. Muka haɗa bencina, muka shimfiɗa tabarmi. Abin da ke cikin jakata bai taka kara ya karya ba: 'yan ledojin ƙarin ruwa, da ƙullin gishiri da sukari da na saba yawo da shi. Kafin a jima duk sun tafi, saura leda ɗaya.

Mutum biyu ne suka fi tsananin buƙatarta. Ɗaya yarinya ce, Saratu, ba ta wuce shekara huɗu ba, idanunta sun faɗa ciki, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa. Ɗayan Malam Isa ne, ladanin tungar, tsoho mai farin gemu, wanda tun da muka hau tudun bai bar kiran salla ba har sai da ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. Na tsaya tsakaninsu da ledar a hannu. Shi ya raba gardamar. Ya ce, "Ɗiyata, mi kike jira? Sa ma yarinya." Na sa mata, na ce masa yayana na nan tafe da magani, ya ƙara haƙuri kaɗan. Ya ce, "To, Allah Shi kawo shi lahiya."

Na gaya wa kowa, Yaya. Na ce yayana matuƙin jirgi ne, ya yi mini alkawari. Wasu sun yarda, wasu sun kalle ni kallon wadda wahala ta fara taɓawa. Mata suka kwance zannuwa masu haske muka shimfiɗa a filin makaranta, muka danne da duwatsu, don ka hango mu daga sama.

Washegari da hantsi muka ji ƙarar. Tun kafin a gan ka na san kai ne. Ka ɓullo ta wajen Wurno, ƙasa-ƙasa, farin jirgi mai jan layi a gefe. Duk wanda ke iya tashi ya fito. Mata na guɗa, maza na kabbara, ni kuma na cire farin hijabina na sama ina kaɗa shi da hannu biyu kamar mahaukaciya. Ka zagaya kanmu sau ɗaya. Na ga fiffiken ya karkata hagu, ya karkata dama. Muka ja baya muka buɗe fili, muna jiran kaya su faɗo.

Ba abin da ya faɗo. Ka miƙe ka nufi wajen Rabah, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Muka bi bayanka da kallo. Sai ƙarar ruwa kawai da ke wucewa ta gindin tudu. Daga nan maganganu suka fara. Wani ya ce hoto kuka zo ɗauka. Wani ya ce dama su manya haka suke, su leƙo su wuce. Uwar Saratu ta dube ni, kallon da ya fi maganganunsu yi mini zafi. Na naɗe hijabina na koma aji. Ba wanda ya zauna kusa da ni. Ina tsakiyar mutane, amma ban taɓa zama ni kaɗai kamar ranar ba.

Malam Isa na kwance kusa da taga, yana jin duk abin da ake faɗa a waje. Ya sa aka kira masa mazan da ke maganar. Muryarsa ta dushe, sai da suka duƙa. Ya ce, "Ku bar yaron ga. Wanda yag gan mu yaw wuce, ya hangi waɗanda sunka hi mu shiga ukku. Ku yi mishi addu'a, shina da nauyi bisa kai." Ya juyo gare ni ya ce, "Ke kuma kada ki riƙe shi a rai."

Bayan la'asar ya cika. Ina riƙe da hannunsa, ina ɗiga masa dafaffen ruwa a baki da cokali, don shi kaɗai ya rage mini. Aka yi masa sutura da ɗaya daga zannuwan da muka shimfiɗa maka, aka binne shi bayan makaranta, inda ƙasa ta fi tauri. Hadari ya haɗu, ruwan sama ya sauko a kan masu haƙa.

Ga amsar ke nan, Yaya. I, an rasa mutum ɗaya ranar da ka wuce mu. Sunansa Malam Isa. Ba zan yi maka ƙarya ba: da maganin ya sauka a ranar, mai yiwuwa da ya tashi, mai yiwuwa kuma a'a, don jikinsa ya riga ya yi nisa. Allah ne Masani. Amma bai tafi yana zarginka ba. Shi ne ma ya tsaya maka lokacin da ni, ƙanwarka, na kasa buɗe baki.

Washegari ka dawo. Wannan karon ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka tsaya a bakin azuzuwa suna kallo, hannu a ƙirji. Ka sauko har muna ganin ƙofar jirgin a buɗe, sai buhu na farko ya faɗo, an naɗe shi da soson katifa an ɗaure da igiya. Ka zagaya ka dawo, wani ya faɗo. Ɗaya ya kauce ya faɗa ruwa, maza suka bi shi da iyo. Da muka kwance, ga gishiri da sukari, ga ƙwayar tsabtace ruwa, ga ledojin ƙarin ruwa da aka cusa a tsakiyar soso, wasu sun fashe, da yawa sun tsira. A buhun ƙarshe na samu 'yar na'urar oba-oba a kunne, tana shhh, sai ga muryarka.

"Dije, kina ji na?"

Na ce ina ji. Ka tambayi yawan marasa lafiya da abin da ya fi gaggawa, na gaya maka. Ka ce sarkawa, masuntan gulbi, na tafe da kwale-kwale, za ka tsaya a kanmu har su gane hanya. Ka ce, "Jiya da na wuce ku, an rasa wani?"

Na dubi bayan makaranta, ƙasar kabarin ko bushewa ba ta yi ba. Na ce, "Yaya, bari mu gama da masu rai." Kana sama, hannunka a kan jirgi, ban ga yadda zan ɗora maka wannan magana a lokacin ba.

Ka yi ta zagaye a kanmu har kwale-kwalen suka ɓullo ta cikin karan dawa. Saratu ce ta farko da aka saka, da ledar ƙarin ruwa a hannun uwarta. Ta rayu, Yaya. Yanzu tana zuwa wannan makarantar, a ajin da ta kwanta take karatu. In na je rigakafi takan ɓuya bayan uwarta, don ni a wurinta mai allura ce kawai.

Ba mu haɗu ba bayan nan. Kafin in fito daga tungar an kira ku wata jiha inda nasu ruwan ya ɓalle, daga can ka koma bakin aiki. Da muka yi waya ka sake tambaya, na ce maganar ba ta waya ba ce, in ka zo Salla mu zauna a ɗakin Inna in ba ka labari tun daga farko. Ka ce, "To, auta. Ki aje mini fura." Kafin Sallar aka kira ni daga Legas. Wai ka idar da sallar azahar a masallacin wurin aikinku, ka jingina da bango, ba ka ƙara tashi ba. Zuciya, in ji likitoci.

Ganina da kai na ƙarshe ke nan: farin jirgi yana zagaye a kan tudu. Ko fuskarka ban gani ba.

Gidan nan ya yi mini girma. Ka san tun da maigidana ya rasu na dawo nan, ɗiyata kuma tana gidan mijinta a Gusau. In na dawo daga aiki nakan buɗe ɗakinka in share, in kakkaɓe shimfiɗa, in rufe. Maƙwabta suna ƙoƙari, ana aiko mini da tuwo, ana leƙowa a gaisa. Amma ba wanda zan ce wa, ka tuna ranar da Baba ya kore mu daga kan rumbu, ya tuna. Duk wanda ya san ni ina yarinya ya tafi.

Kwanan baya na yi baƙuwa. Kyaftin Bisi, mutuniyar Ilori, abokiyar aikinka, wadda ke zaune gefenka a jirgin a waɗancan kwanaki, ita ce mai turo buhunan ta ƙofa. Sun kawo jirgin Sakkwato suna shirin damina, ta ce ba za ta koma ba sai ta ga ƙanwar Umaru. Hausarta a karye take amma tana isar da saƙo. Na dama mata fura, muka zauna a tsakar gida, ta ba ni rabin labarin da ban sani ba.

Ta ce ranar farko maganinmu na cikin jirgin, a bayan kujerarka. Mu kuka nufa. Kuna hanya aka kira ku: akwai wata rugar Fulani wajen Rabah, ruwa ya kewaye su a kan wani ɗan tudu da ke nutsewa, shanu sun riga sun tafi, mata sun ɗora yara a kafaɗa ruwa ya kai musu ƙugu. Sarkawa sun fita nemansu sun ɓace a cikin gonakin da ruwa ya shafe, ba su san gabas ba ba su san yamma ba. Sai jirgi ya tsaya a kan rugar yana zagaye kafin su gane inda za su dosa. Sauke mana kaya na buƙatar zagaye da yawa, ga hadari na haɗuwa, man jirgin kuma ba zai ɗauki aiki biyu ba.

Ta ce ka hango farin hijabina. Ka nuna mata ka ce, "Ga ta can. Ga ƙanwata." Ta tambaye ka me za a yi. Ka ce mu muna kan busasshiyar ƙasa, su kuwa ƙasar ce ke ƙare musu. Ka karkata fiffike don in san ka gan ni, ka juya. Kun tsaya a kansu har kwale-kwale na ƙarshe ya ɗauki mutum na ƙarshe. Da kuka sauka a Sakkwato ta fita, kai ka zauna a ciki injin a kashe, ka daɗe kafin ka fito.

Na ba ta labarin Malam Isa da abin da ya ce. Ta rufe fuska da gyalenta. Ta ce har ka rasu kana cewa ka san akwai abin da Dije ke ɓoye maka.

Kafin ta tafi ta ce gobe za su zagaya su duba yadda gulbin yake, in ina so in zo. Ni da ban taɓa shiga jirgi ba, kai ma ka yi ta fama da ni na ƙi. Na ce zan zo.

Ta zaunar da ni a kujerar gaba, ta sa mini abin ji a kunne. Ashe haka yake da ƙunci, Yaya, kafaɗa na gugar kafaɗa, ga ƙara, ga girgiza. Da muka tashi na runtse ido ina salati. Da na buɗe sai ga gulbin a ƙasa yana sheƙi, ga fadama kore shar, ga kasuwar Goronyo kamar an zubar da tsaba a faifai. Ta nuna mini makarantar. Na yi ta neman kabarin Malam Isa ban gan shi ba. Tudun da na ɗauka duniya ce guda, daga sama tafin hannu ya rufe shi. Mutane kuwa ɗigo-ɗigo ne, ba ka jin muryar kowa, ba ka san mai kuka ba, ba ka san mai addu'a ba. A nan ka zauna ka yanke shawara, ba Inna, ba Baba, ba wanda zai ce maka ka yi daidai. Ina ta ganin ni ce aka bari ni kaɗai a ranar. Ban san kai ma haka ba.

A hanyar komawa na roƙe ta mu bi ta kan Wurno. Ta sauko ƙasa-ƙasa. Unguwarmu ta fito tar, na gane masallaci, na gane durumin ƙofar gidan Alhaji maƙwabcinmu. Kowane gida mutane na fitowa tsakar gida, mata sun kare ido da hannu, ana ɗago mana hannuwa. Na bi layi da ido har na samu namu. Ga rumbun Baba, ga igiyar shanya da zanena ɗaya a kai, ga ƙofar ɗakinka a rufe. A duk layin, gidanmu ne kaɗai ba wanda ya fito.

Bisi ta tambaye ni ko ta sake zagayawa. Na ce a'a, mu tafi.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya sa abin da ka ɗauka a ranka ya zama kaffara, Ya sa rayukan da aka fitar daga ruwa ta dalilinka su zama shaida a gare ka. Allah Ya jiƙan Malam Isa, Ya haɗa ku a inda zai gaya maka da bakinsa abin da na jinkirta gaya maka. Allah Ya jiƙan Inna da Baba. Waɗanda har yanzu suke tashi da ɗan jirgin nan in ruwa ya yanke hanya, Allah Ya kai su lafiya Ya sauke su lafiya. Mu kuma da muka rage, Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Ni ce ƙanwarka, autar Inna,
Dije
Wurno